Akwatin Fayafan Kawu: Littafin Aikin Ceto Tsofaffin Waƙoƙin Kantiri

9 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan littafi ne don kada aikin ya shiririce a hannuna, tunda ba na samun zama a kansa sai ƙarshen mako. Aikin shi ne ceto fayafan garmaho da marigayi Kawu ya bari. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya zauna Zariya da Kafanchan kafin ya dawo Kaduna, kuma tun shekarun 1960 in an yi albashi yakan ware kuɗin faifai kafin ya ware na cefane. Bayan rasuwarsa akwatin ya koma ƙarƙashin gado. Inna, mai ɗakinsa, ita ta aiko in zo in ɗauke kafin gara ta ƙarasa abin da ta fara.

Na ƙirga manya 71, ƙanana 23, sai wasu 6 masu nauyi, irin na zamanin garmahon da ake juyawa da hannu. Ba duka ne kantiri ba. Akwai Shata, akwai Ɗanmaraya Jos, akwai Rex Lawson da waƙoƙin finafinan Indiya. Waɗannan na ajiye su gefe, aikinsu daban. Amma fiye da rabin akwatin kantiri ne, wato waƙar mutanen karkarar kudancin ƙasar Amurka, ta manoma da direbobi da masu haƙar kwal.

Jim Reeves shi kaɗai yana da manyan fayafai 19. Don Williams 11. Sai Dolly Parton, Kenny Rogers, Skeeter Davis, Charley Pride, Patsy Cline, da Johnny Cash guda ɗaya, Hank Williams guda ɗaya. Merle Haggard, Buck Owens, George Jones, waɗanda a can Amurka ake ɗauka su ne ƙashin bayan wannan kiɗa, babu ko ƙyallinsu. Wannan giɓi ya fi abin da ke cikin akwatin ɗaure mini kai.

Tsarin aiki: warewa, wanki, samo abin juyawa, sannan ɗauka a kwamfuta.

23 ga Nuwamba, 2024

Wanki. Ruwan famfo yana barin gishiri-gishiri a cikin layukan faifai, don haka tataccen ruwan batir nake saya, wanda ba a haɗa shi da asid ba. Ɗigon sabulun wanke kwanuka, burushi mai laushi, a bi layi a zagaye, kada a ratsa. Takardar tsakiya ba ta son ruwa. In an ɗauraye sai a jera su a tsaye a inuwa. Rana abokiyar gabar faifai ce, minti kaɗan ya isa ta tanƙware shi.

Masu nauyin nan guda 6 ban haɗa su da sauran ba. Ba roba ba ce, da wani ƙaro ake yin su wanda wani ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan, kuma sipirit yana narkar da shi. Su ne masu juyi 78 a minti, kowane gefe waƙa ɗaya ce ta kamar minti uku. Babban faifai mai juyi 33 da sulusi kamfanin Columbia ne ya fito da shi a 1948, RCA Victor kuma ya mayar da martani da ƙarami mai juyi 45 a 1949. Minti ukun nan ya bar tabo a sana'ar. Mawaƙin kantiri ya saba ya shigar da labari sukutum, da mutumin da abin da ya same shi da inda ya ƙare, kafin allura ta kai tsakiya. Ko da wuri ya yalwata daga baya, ba su saki wannan horo ba.

Gara ta ci kwalaye da dama ta ƙasa, fayafan kuwa ba ta taɓa su ba. Guda bakwai sun tanƙware saboda an jibge su a kwance.

7 ga Disamba, 2024

Rediyogaram ɗin Kawu ta mutu murus, robar da ke juya faranti ta zama gari. Na samo na'urar juya faifai a wajen masu kayan gwanjo, da ƙaramin tiransifoma tunda wutar Amurka take ci. Da na ɗora faifan farko sai muryar ta fito a ja, ƙasa-ƙasa, kiɗan na jan ƙafa. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da ya ga zamanin abin.

Ko buɗe ta bai yi ba. Ya juya bayanta ya karanta, ya ce, "Yaro, lafiyarta lau. Wutar ƙasarsu sittin take bugawa, tamu hamsin. Motar nan da bugun wuta take tafiya."

Na ce, "To Baba, tiransifoman fa?"

Ya ce, "Shi ƙarfin wuta yake ragewa, ba ruwansa da bugu."

Lissafin ya fita. Kashi biyar cikin shida na juyi 33 da sulusi bai kai 28 ba. Maganin shi ne a ƙara wa kan sandar motar kauri, ya aike ni wajen mai injin sassaƙa ƙarfe da awo a rubuce a bayan kwalin ashana. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in yi ɗauka da janareta, don bugunsa hawa da sauka yake, murya za ta riƙa lilo. Da inbata zan yi aiki.

Saura abu ɗaya da ya saka mini: ƙaramin akwatin ƙara sauti tsakanin allura da kwamfuta. Lokacin yanka faifai ana rage amon ƙasa a ƙara na sama don layuka su samu wuri, wannan akwatin ne ke mayar da kowanne mazauninsa. In babu shi, sauti siriri za ka ji, ba jiki. Manhajar ɗauka Audacity ce, kyauta ake samunta.

21 ga Disamba, 2024

Na gama ɗaukar Jim Reeves 12 cikin 19, kuma ina da abin faɗa.

An haife shi a Texas a 1923. Ya fara da wasan ƙwallon gora irin na Amurkawa har rauni ya fitar da shi, sannan ya zama mai gabatar da shiri a rediyo. Wannan aikin rediyo ana jin sa a bakinsa, kowane harafi a fili. Waƙoƙin da suka fara fito da shi, na wajen 1953, da ƙarfi yake rera su, murya a sama, goge na biye. Wanda muka sani a nan daban ne, wannan salon ya fara ne a 1957 da waƙar "Four Walls", lokacin da ya matso da baki dab da makirufo ya sauke murya ya daina ɗaga ta.

Ba haka kawai aka yi ba. A 1956 Elvis Presley da kiɗan rok sun kwashe matasa, cinikin kantiri ya faɗi. Masu shirya faifai a Nashville, birnin da yake cibiyar kantiri, Chet Atkins a RCA da Owen Bradley a Decca, suka yanke shawarar cire abin da ke sa mutanen birni yatsina fuska. Goge ya koma baya, jitar da ake kwantarwa a goga mata ƙarfe ita ma ta ja baya. Aka kawo piyano, aka kawo 'yan amshi masu taushin murya irin ƙungiyar Anita Kerr da Jordanaires. Masu ra'ayin gargajiya a can har yau suna cewa an sayar da kiɗan ne don kuɗi. Suna da hujja. Amma wannan gyaran fuskar shi ne ya tsallako da shi teku har ya iso barikin ma'aikatan jirgi a Kafanchan.

Ni a ganina sirrin yana ga Turancin. Mutum irin Kawu, da ya koyi Turanci a aji da kuma bakin aiki, zai iya bin Jim Reeves kalma bayan kalma ba tare da ya nemi tafinta ba. A hankali yake tafiya, ba ya haɗiye ƙarshen kalma, kiɗa ba ya danne shi. Abin da yake magana a kai kuma ba baƙo ba ne: wadda ta tafi, gida da aka baro, mutuwa, godiya ga Ubangiji. Inna ta ce a barikin, faifansa na waƙoƙin Kirsimeti, wanda ya fito a 1963, ba ya kwana ɗakinsu daga shigowar Disamba, maƙwabta Kiristoci ke karɓa gida-gida. Shi ne ma ya fi kowanne cikin na Reeves tabon yatsu.

Kawu yana rubuta gari da shekara da biro a bayan kowane kwali. Mafi tsufa a na Reeves 1967 ne, mafi sabo 1978. Shi kuwa mawaƙin ya rasu tun 31 ga Yuli, 1964, ƙaramin jirgin sama da yake tuƙawa da kansa ya faɗi kusa da Nashville cikin hadari, tare da mai kaɗa masa piyano, Dean Manuel. Matarsa Mary ta ci gaba da fitar da abin da ya bari a ajiye, ana ɗora wa tsohuwar murya sabon kiɗa. "Distant Drums" ta hau lamba ɗaya a Birtaniya a 1966, shekara biyu bayan an binne shi, a tsakiyar tashen Beatles.

Da na gaya wa Inna, sai ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah. Ashe duk shekarun nan da kawunku ke cewa a yi shiru mutuminsa zai yi waƙa, mamaci muke saurare?"

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba: ya je Afirka ta Kudu a 1962, ya koma ya yi fim a can, har ya rera waƙoƙi da harshen Afirkans, duk a ganiyar mulkin wariyar launin fata. Nahiyar da ta fi riƙe shi bayan mutuwarsa, ta ƙofar da ba ta dace ba ya shige ta.

1 ga Janairu, 2025

Yau shekara 72 da rasuwar Hank Williams, sai na ciro nasa guda ɗayan. Tattara waƙoƙi ne da aka sake bugawa, kuma fes yake, ko ƙwarzane babu. Kawu bai so shi ba. Faifai ba ya ɓoye irin wannan, wanda aka so shi ne ke shan wahala.

Na gane dalili tun waƙar farko. Muryar ta hanci ce, tana karyewa da gangan, goge na kuka a bayanta, Turancin kuma na ƙauyen Alabama ne mai tauna kalma. Bayan mako da makonni a hannun Jim Reeves, sai ka ji an watsa maka ruwan sanyi. Amma na juya shi na sake juyawa, kuma zan faɗi ra'ayina ko da Kawu zai ƙi: wannan ya fi. Reeves yana lallashin baƙin ciki. Hank Williams a cikinsa yake zaune. Kuma galibin abin da yake rerawa shi ya rubuta, da kalmomin da yaro zai gane.

An haife shi a 1923, shekara ɗaya da Reeves. Wani baƙar fata mai kiɗa a bakin titi, Rufus Payne, shi ya koya masa jita yana yaro. Ya hau dandalin Grand Ole Opry a 1949, shirin da gidan rediyon WSM na Nashville ke watsawa tun Nuwamban 1925, wanda bana zai cika shekara 100. A 1952 suka sallame shi saboda shan giya da saɓa alkawari. Ciwon baya da aka haife shi da shi ya jefa shi hannun magungunan kashe zafi. Ranar sabuwar shekara ta 1953 aka same shi ya cika a kujerar bayan mota, a hanyar zuwa wasa a Canton ta jihar Ohio. Shekararsa 29.

18 ga Janairu, 2025

Hunturu ya tsayar da ni. Iska ta bushe ƙayau, faifai na jan ƙura da kansa, kana gogewa tana dawowa, ɗauka kuma sai ƙas-ƙas. Yanzu da asuba nake aiki, taga a rufe, da jiƙaƙƙen tawul rataye a ɗakin. Ya rage, bai kau ba. Manyan da aka ɗauka zuwa yau 24.

1 ga Fabrairu, 2025

Na zauna na karanta ƙananan rubutun da ke gindin kwalaye, kuma ina jin na samo bakin zaren giɓin da na ambata da farko. Kusan duk fayafan shekarun 1960 da farkon 1970 a Ingila aka buga su. Na Amurka kai tsaye biyu ne kacal. Na ƙarshen shekarun 1970 kuma akwai bugun Legas, kwalinsu ya fi laushi, hoton ya ɗan dushe.

Wato ta Landan kiɗan ya biyo kafin ya iso kantunanmu, abin da Ingila ta so shi aka loda mana. Ingila kuwa masu taushin murya ta so. Reeves ya yi tashe a can fiye da kowane mawaƙin kantiri na zamaninsa, Don Williams ma ya samu karɓuwa a can a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da bikin kantiri na Wembley, wanda aka fara a 1969, ke cika maƙil. Su Buck Owens da Merle Haggard na garin Bakersfield ne a Kalifoniya, kiɗansu na mashayar leburorin rijiyar mai da 'yan ci-ranin Oklahoma ne, jitar lantarki mai kaifi da ganga mai ƙarfi, an yi shi ne don ya keta hayaniya. Haggard ma tsohon fursuna ne, yana gidan yarin San Quentin ya ga Johnny Cash ya zo yi musu wasa. Irin wannan bai dace da falon da ake shan shayi ba, na Landan ko na barikin jirgi.

Wata matsala da karatun kwali ya tono: fayafai da dama an rubuta musu cewa an sake sarrafa sautin da lantarki don ya fito ta sifika biyu. Asalin ɗaukar ta sifika ɗaya ce. Da sitiriyo ya shigo kasuwa daga 1958, kamfanoni suka riƙa raba tsofaffin waƙoƙi, amon sama hagu, na ƙasa dama, a ƙara amsa-kuwwa. Abin ya zama kamar kunun da aka tsinka da ruwa don ya ishi baƙi. Inda nake da waƙa ɗaya a bugu biyu, tsohon mai sifika ɗaya nake ɗauka ko da ya fi ƙwarzane. Inda babu, ina haɗe ɓangarorin biyu a kwamfuta, yana rage ɓarnar.

15 ga Fabrairu, 2025

Charley Pride, fayafai uku. Ɗan ƙanena da ke taya ni jera kwalaye ya ɗaga ɗaya ya ce, "Baffa, wannan an saka faifan wani a kwalin wani ne? Mai hoton baƙi ne." Na ce masa shi ne dai.

Ba shi kaɗai ya yi wannan mamaki ba. Pride ɗan masu noman auduga ne daga Sledge a jihar Mississippi, an haife shi a 1934, shi ma ta ƙwallon gora ya fara, a ƙungiyoyin baƙaƙen fata. Da RCA ta fara fitar da waƙoƙinsa a 1966, ba a haɗa da hotonsa ba wajen aika wa gidajen rediyo. Sai da murya ta kama mutane sannan suka ga fuska. A 1971 aka ba shi kyautar gwarzon shekara ta ƙungiyar kiɗan kantiri. Korona ce ta yi ajalinsa a Disamban 2020.

Na tsaya na yi wa yaron bayani, don mamakin nasa a juye yake. Banjo, wanda ake ɗauka tambarin farar fatar karkara ne, bayi daga Afirka ta Yamma suka kai iliminsa: ƙoƙo, fata a ɗaure a baki, sanda, tsirkiya. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko garaya ya san wannan gini. DeFord Bailey, baƙar fata mai busa hamonika, yana cikin taurarin farko na Grand Ole Opry kafin a sallame shi a 1941. Lesley Riddle, shi ma baƙi, shi ya riƙa raka mawaƙi A.P. Carter, na ƙungiyar iyalan Carter, ƙauyuka neman tsofaffin waƙoƙi, Carter na rubuta kalmomi shi yana haddace karin. Ga Rufus Payne da na ambata. Kamfanonin faifai na shekarun 1920 ne suka raba kasuwa gida biyu, wannan na farare wannan na baƙaƙe, alhali makaɗan a gona ɗaya suka tashi.

Kuma abin ya zagayo. Jitar da ake goga wa ƙarfe asalinta Hawaii ne, aka yi mata feda, Nashville ta ɗauka, sannan King Sunny Ade ya shigar da ita kiɗan juju a ƙarshen shekarun 1970 ta hannun Demola Adepoju.

22 ga Fabrairu, 2025

Ina sauri in gama Don Williams kafin azumi. Su ne suka fi jigata a akwatin, wasu layukan sun yi fari saboda yawan bin allura.

Ɗan Texas ne, an haife shi a Floydada a 1939, ya rasu a 2017. Ya yi waƙa da ƙungiyar Pozo-Seco a shekarun 1960, ya bar sana'ar ya koma sayar da kayan ɗaki, sannan Jack Clement ya jawo shi Nashville a farkon shekarun 1970. Abin da shi da Allen Reynolds suka yi a fayafansa na farko ragewa ne. Su Atkins sun tausasa kiɗa ta hanyar ƙari, shi ya tausasa shi ta hanyar cirewa: jita, bugu ɗaya mai natsuwa, murya a ƙasa, sarari a tsakani. Ba ya ihu, ba ya roƙo. Waƙoƙinsa 17 sun hau lamba ɗaya a jadawalin kantiri na Amurka. A 1997 ya je Harare ya yi wasa, aka ɗauki fim ɗin tafiyar.

Shi nawa ƙarnin ya tarar, amma a kaset, a motocin haya na dogon zango da shagunan aski, da rediyo ranar Lahadi da rana. Jin sa a faifai ya nuna mini abin da kaset ɗin kofi ya cinye: amon ƙasa mai zagaye, da numfashinsa kafin ya shiga baiti.

Na yanke shawara a kan ƙas-ƙas. Manhajar na iya share shi gaba ɗaya, amma in aka matsa mata tana tafiya da kaifin jita, murya ta koma ta cikin bargo. Manyan tsalle da fashewa kawai nake cirewa, da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Sauran na bar shi. Ina ajiye kowace ɗauka gida biyu, ɗanya da gyararriya.

15 ga Maris, 2025

Azumi, na rufe na'urar. Aikin takarda kawai nake yi bayan tarawihi: suna, kamfani, lamba, shekarar bugu, abin da Kawu ya rubuta.

A nan na lura da sunayen da ke ƙarƙashin kowace waƙa da ƙananan haruffa. Harlan Howard, Cindy Walker, Bob McDill, suna ta maimaituwa daga faifai zuwa faifai. Su ne marubuta. A Nashville rubuta waƙa aikin ofis ne mai zaman kansa, wani ya rubuta wani ya rera, kowa da rabonsa. Cindy Walker ce ta rubuta wa Reeves "Distant Drums". McDill ya rubuta wa Don Williams da yawa daga cikin waɗanda muke ɗauka maganar zuciyarsa ce. "Crazy" ta Patsy Cline, ta 1961, Willie Nelson ne ya rubuta ta tun bai yi suna ba. A wajenmu, inda Shata ke ƙirƙira a tsaye gaban jama'a, wannan zai zama abin gori. A wajensu gwanintar mawaƙi ita ce ya sa ka rantse abin a kansa ya faru.

Patsy Cline ma hatsarin jirgin sama ne ya yi ajalinta, 5 ga Maris, 1963, kusa da Camden a Tennessee, tana da shekara 30, tare da Cowboy Copas da Hawkshaw Hawkins. Shekara ɗaya da 'yan watanni tsakaninta da Reeves.

5 ga Afrilu, 2025

An sha Sallah, na koma. Inna ta zo mana yini, na saka mata fayafan mata. Da aka zo kan "Coat of Many Colors" ta Dolly Parton, ta 1971, ta ɗaga hannu ta ce ta san wannan, amma ba ta taɓa sanin me yarinyar ke faɗa ba.

Na ba ta labarin a taƙaice. Dolly ta huɗu ce cikin 'ya'ya 12, a duwatsun gabashin Tennessee, gidan talauci. An ba su tsummoki, uwar ta harhaɗa ta ɗinka mata rigar sanyi, tana ɗinki tana ba ta labarin rigar Yusufu. Yarinya ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi mata dariya.

Inna ta ce, "Annabi Yusufu dai namu?"

Na ce, "Shi, Inna."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Uwar ta iya. Amma da ta bari sai ranar da ba makaranta." Ta sa na maimaita mata.

Ba na jin akwai waƙa a akwatin nan da ta fi wannan ginuwa. Babu kalmar da ta yi yawa, kuma Dolly da kanta ta rubuta. Mutane da dama a nan sun san "I Will Always Love You" a bakin Whitney Houston ne, ta 1992, alhali Dolly ta fitar da ita tun 1974, sallama ce ga Porter Wagoner wanda ta yi shekara bakwai a shirinsa na talabijin. Nata bugun a hankali yake, rabi waƙa rabi magana, kuma na fi son sa nesa ba kusa ba.

Kenny Rogers na ɗauke shi a zama guda. Gwanin ba da labari ne, amma kiɗan nasa ya riga ya karkata zuwa na birni, ban sami abin tsayawa a kai ba. Johnny Cash ɗin kuwa na gidan yarin Folsom ne, wanda aka ɗauka 13 ga Janairu, 1968, da sowar fursunoni a ciki. Shi ma Kawu bai wahalar da shi ba.

3 ga Mayu, 2025

Allurar masu juyi 78 ta iso ta hannun wani abokin aiki da ya dawo daga tafiya. Layukansu sun fi faɗi, allurar babban faifai nutsewa take har ƙasa ta kwaso shara. Na'urata ba ta da juyi 78, don haka a 45 nake ɗauka, kwamfuta ta ƙara gudun daga baya. Gyaran sautin ma daban ne, don a zamaninsu kowane kamfani da nasa ma'auni.

Biyar cikin shidan ba kantiri ba ne. Na shidan Jimmie Rodgers ne, bugun Ingila a tambarin Regal Zonophone, babu rubutun Kawu a jiki. Inna ta ce wani tsohon direban jirgi ne ya ba shi lokacin yana sabon ɗauka. Ya dace, don Rodgers ma ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Mississippi, mai kula da birki, har tarin fuka ya raba shi da aikin. A 1927 Ralph Peer na kamfanin Victor ya kafa na'urar ɗauka a garin Bristol, kan iyakar Tennessee da Virginia, ya yi shela a zo. Cikin waɗanda suka zo akwai Rodgers da iyalan Carter, kuma daga wannan zama ake lissafin fara kasuwar kantiri. Shekara shida kawai ya yi yana ɗauka. A 1930 ya yi waƙa da Louis Armstrong. A Mayun 1933 ya rasu a New York, kwana biyu bayan ɗaukarsa ta ƙarshe, wadda ya yi yana hutawa a gado tsakanin waƙa da waƙa.

Fayafansa sun iso Afirka tun da wuri. A 1950 Hugh Tracey ya ɗauki 'yan ƙabilar Kipsigis a Kenya suna rera waƙa ga wani Chemirocha, wanda ba kowa ba ne illa Jimmie Rodgers a lafazinsu.

Faifan ya tsage daga baki kamar tsawon ɗan yatsa, don haka gefe ɗaya sai daga baiti na biyu na samu. Ɗaya gefen ya fito cikakke: jita ɗaya, murya ɗaya, da wannan karya murya zuwa sama da ya shahara da ita, a ƙarƙashin shuuu mai yawa.

Inda aiki ya tsaya: manyan kantiri duk an ɗauka, ban da uku cikin tanƙwararrun da allura ke tsalle a kansu. Baba mai gyara ya ce in matse su tsakanin gilashi biyu masu kauri a ɗaki mai ɗumi, in manta da su har wata biyu. Ƙanana saura 9. Damina ta kusa, dole in ɗaga akwatin daga ƙasa in samo sabbin rigunan takarda kafin laima ta kawo fumfuna. 'Ya'yan Kawu na Jos da Abuja kowa ya ce a tura masa kofi, Inna kuma ta ce nata a saka mata a katin waya, Jim Reeves da Dolly kawai, kada a haɗa mata da mai kukan hancin nan.